Wasiƙar ƙorafi ga kamfanin da ya sa wa sifikokina soket na XLR

Zuwa ga Manaja,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ranka ya daɗe, na fito da maganar nan fili ne saboda sau uku ina zuwa shagonku, sau uku ana sallama ta da "wutar unguwarku ce".

Ina da ƙaramin situdiyo a Kano. Sifikokin da nake auna sauti da su guda biyu ne, masu amfilifaya a ciki, kuma da soket na RCA, ƙaramin nan mai ƙafa ɗaya, kaɗai suka zo. Da na matsar da tebur, waya ta kai mita 6, sai ta fara kwaso hayaniya. Yaronku ya ce ku ne maganin wannan: za ku sa musu soket na XLR mai ƙafa uku, ƙugi ya ɗauke. Na biya, na karɓi rasit, na jira sati biyu.

Abin da na ɗauko ya fi wanda na kai muni. Ta hagu tana ƙugi mai kauri ko ba a kunna komai ba. In kuma aka kunna su tare, sai kaurin ganga ya ɓace, muryar mawaƙi ta rasa tsakiya, kamar daga bango take fitowa. Kwana biyu ina zargin kunnena.

Ni ba injiniya ba ne, amma ina da mitar auna wuta, kuma na san abin da ƙafafun nan uku suke yi. Ta 2 tana ɗauke da sauti, ta 3 tana ɗauke da kishiyarsa, ta 1 ta ragar da ke lulluɓe da wayar ce. Sifika tana sauraron bambancin da ke tsakanin 2 da 3 ne kawai, shi ya sa duk hayaniyar da ta hau su daidai wa daida take soke kanta. Hikimar ke nan, kuma ita na saya.

Na fara da mai sauƙin. Na bi wayoyin ta dama da mita, sai ga shi an juya 2 da 3. Wato lokacin da sifika ɗaya ke turo iska, ɗayar ja take yi. Tun 1992 ƙungiyar injiniyoyin sauti ta AES ta tsayar da cewa ƙafa ta 2 ce mai sautin, don haka ba abin da za a yi ta canki-canka ba ne. Da wani ya saurare su tare na minti ɗaya kafin a ba ni, da ya ji.

Ƙugin ne ya ci mini lokaci. Na zare waya, shiru. Na mayar, ƙugi. Na sauya waya, na sauya miksa, na gwada da janareto, na gwada da wutar gari, duk kanwar ja ce. Sai na haɗa wata waya ta gwaji: na bar ƙafa ta 1 kaɗai a jone, na haɗe 2 da 3 a bakin sifikar. Babu hanyar da sauti zai shiga, amma ƙugin yana nan daram. Da na buɗe bayanta na ga dalili. Mai aikinku ya ja ƙafa ta 1 da doguwar waya ya liƙa ta da dalma a kan allon lantarkin da ke ciki, dab da NE5532, ɗan ƙaramin amfilifayan da ya ƙara, maimakon ya ɗaure ta a jikin ƙarfen sifikar nan take a bakin soket. Duk wutar da ke yawo a ragar, mai bugun 50 a daƙiƙa irin ta layinmu, sai ta ratsa ta cikin hanyar sauti. Wannan kuskure sananne ne, wani masanin sauti, Neil Muncy, ya yi bayaninsa a 1995, har aka fitar da ƙa'idar AES48 a 2005 domin sa.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne shawarar da aka ba ni a zuwana na ƙarshe: wai in karya ƙafar ƙasa ta filogin wuta, ƙugi zai tafi. Haba ranka ya daɗe! Zai iya tafiya, amma ranar da waya ta ɓare a ciki, jikin ƙarfen ne zai ɗauki wuta mai ƙarfin volt 230, kuma yara masu koyo ne ke taɓa kayan nan kullum.

Ta dama na gyara da kaina, wayoyi biyu ne. Ta hagu ban taɓa ba, na bar ta yadda ta fito daga hannunku don ku gani da idonku. Ina so ku mayar da ƙafa ta 1 inda ya dace, ku gwada su biyun a gabana, ku kuma rubuta mini cewa buɗewar da na yi ba ta soke garantin ba, tunda ku kuka tilasta mini. In ba za ku iya ba, ku dawo mini da kuɗin aikin. Zan kawo su ranar Litinin da hantsi, da rasit da wayar gwajin.

Naku,
Mai situdiyo, Kano