Buɗaɗɗiyar wasiƙar ƙorafi ga kamfanin da ke kula da rumbun bayananmu a Jidda

Zuwa ga Manajan Darakta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, na fito da wannan ƙorafi bainar jama'a ne saboda saƙonnin da na aiko ofishinku sun tafi ba amsa. Mu ƙaramin kamfani ne da ke aika kayan alhazai da na 'yan kasuwa daga Jidda zuwa Kano, kuma duk wata muna biyanku kuɗin kula da rumbun bayananmu, har da ajiye kwafi saboda ɓacin rana.

Ran da na'urar da ke ɗauke da Hive Metastore, wato manhajar da ke kula da kundin teburan bayananmu, ta lalace, sai muka tarar fayilolin Parquet, waɗanda ke ɗauke da ainihin bayanan, su kaɗai kuke kwafa. Ƙaramin rumbun bayanai na manhajar MySQL da ke riƙe da kundin tebura, wato sunan kowane tebur, da ginshiƙansa, da rabe-rabensa na kwanan wata, da inda fayilolinsa suke, ba ku taɓa kwafarsa ba, alhali umarnin mysqldump, mai fitar da kwafin rumbun MySQL, sau ɗaya kowane dare ya wadatar.

Injiniyanku ya ce mini kada na damu, bayanan suna nan. Mu da muke aikin sito mun san cewa buhunan da aka jibge babu suna babu lamba a jikinsu, da su da ɓatattu duk ɗaya ne a wurin mai kaya. Wata hajiya ta tsaya gaban kantarmu da rasit a hannu tana tambayar inda akwatinta ya kai, muka rasa abin faɗa mata. Ni da ma'ajinmu muka kwana muna buɗe fayilolin ɗaya bayan ɗaya, muna karanta tsarin da ke rubuce a gindinsu, muna sake gina teburan da hannu, sannan muka dawo da rabe-raben da umarnin MSCK REPAIR TABLE, mai gano su daga wuraren da fayilolin suke. Teburan da ba su da fayil nasu, waɗanda umarnin zaƙulo bayanai daga wasu tebura kawai aka adana cikin kundin, sun tafi ke nan, kuma da su muke fitar da lissafin harajin kashi 15 cikin ɗari da muke miƙa wa hukumar zakka, haraji da kwastam ta Saudiyya, ZATCA.

Ina neman ku bayyana mana a rubuce yadda aka bar kundin a baya, ku mayar mana da kuɗin watannin da muka biya, kuma daga yanzu ku riƙa gwada dawo da kwafin a kan wata na'ura daban duk wata, a gaban wakilinmu. Idan ƙarshen watan nan ya zo ba mu ji daga gare ku ba, za mu soke kwangilar.

Wassalam.

Shugaban sashen kwamfuta,
Jidda, Saudiyya