Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Ƙwadago: a auna haɗari kafin a zaɓa wa ma'aikacin lantarki kayan kariya

Mai Girma Minista, ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina rubuto maka daga Garwa a arewacin Kamaru, inda na daɗe ina aikin wutar lantarki, ina kuma koya wa matasa wannan sana'a. Abin da ke damuna shi ne, a wuraren aiki da yawa a nan arewa, ba a auna haɗarin aiki kafin a miƙa wa mutum safar hannu da hular kwano. Abin da aka tarar a sito shi ake bayarwa, ko wutar ɗaki za a gyara, ko turken babban layi za a hau.

Safar hannu ta roba hawa-hawa ce. Mai lamba 0 tana tare bolt 1,000, ta isa ga wutar gida mai bolt 220 ko 380, amma layin bolt 15,000 sai mai lamba 2, layin bolt 30,000 kuwa sai mai lamba 4. Yaron da ba a koya masa karanta tambarin ba, duk safa ɗaya ce a wurinsa. Ga shi roba ba ta jure zafinmu, tana tsagewa idan ta yini a bayan mota, kuma huda kamar ta allura ta isa ta kashe mutum, shi ya sa ƙa'ida ta ce a sake gwada ta duk bayan wata shida.

Akwai kuma haɗarin da ba ya jiran a taɓa waya. Idan ƙarfe ya haɗa layi biyu cikin akwatin wuta, walƙiyar da ke tashi takan kai zafin digiri 19,000, fiye da ninki uku na zafin fuskar rana. Ana auna zafin da zai isa ga fatar ma'aikaci da kalori a kowace santimita murabba'i, kuma daga 1.2 fata kan fara ƙuna mai tashin bororo. Ƙa'idar Amurka mai suna NFPA 70E ta kasa tufafin kariya hawa huɗu, masu jure kalori 4, da 8, da 25, da 40. Ƙarfin bolt kaɗai ba ya nuna hawan da ya dace, domin sai an duba girman taransifoma, da lokacin da na'urar yanke wuta ke ɗauka kafin ta yanke, da tazarar da ke tsakanin fuskar mutum da wurin aiki. Na taɓa kai wani yarona asibiti bayan irin wannan walƙiya a akwatin bolt 380, wanda mai kwangilar ya ɗauke shi ƙaramin aiki. Rigar leda ta ƙwallo da ke jikinsa ta narke ta manne wa fatarsa, kuma har yau ba ya iya ɗaga hannunsa na dama sosai.

Duk da haka, ranka ya daɗe, ba roƙona ba ne a tilasta wa kowa sa kaya mafi nauyi a kowane aiki. Wanda ya san Garwa da Marwa a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ya san cewa mutumin da aka lulluɓe da riga mai kauri da murfin fuska a kan turke da tsakar rana, jiri zai ɗebe shi, gumi zai rufe masa gilashi, safa mai kauri kuma za ta sa sukuddireba ya kuɓuce masa cikin wayoyi. Daga ƙarshe zai tuɓe kayan da zarar shugabansa ya ba da baya, ya yi aikin da tsirarar hannu mai jiƙe da gumi.

Kafin maganar tufafi ma, tambayar farko ita ce ko dole ne a yi aikin wuta tana gudu. Galibi ba dole ba ne. A yanke wutar, a kulle makunnin da kwaɗo, a gwada a tabbatar babu ita, sannan a haɗa layin da ƙasa. Wannan mataki na ƙarshe ya ƙara nauyi a wurinmu, domin duk lokacin da ruwa ya ja baya a madatsar Lagdo aka shiga ɗauke wuta, mutane kan tayar da janareta ko su koma kan sola, kuma wanda aka haɗa ba daidai ba yakan mayar da wuta cikin layin da ake zaton matacce ne.

Dokar ƙwadago ta 1992 da umarnin 1984 kan lafiya da kariya a wurin aiki sun ɗora wa mai ɗaukar aiki nauyin kare ma'aikacinsa. Ina roƙon ma'aikatarka ta wajabta rubuta awon haɗari kafin a taɓa layi mai wuta, a kuma liƙa wa kowane babban akwati takarda mai nuna hawan kayan da yake buƙata. Sufetocin ƙwadago su riƙa duba ranar gwajin safa, kuma a samar da wurin gwajin a Garwa, don kada nisan Duwala ya zama hujjar masu sakaci. Mafi muhimmanci a wurina, wannan ƙa'ida da nake roƙo ta haɗa da leburorin ƴan kwangila, domin su ne ke hawa turaku, kuma da yawansu ba su da rajista a CNPS, wato hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, idan sun ƙone iyayensu ne ke biyan kuɗin magani.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya yi maka jagora.

Naka mai biyayya,
Wani ma'aikacin lantarki, Garwa