Windows 10 ta tsufa, amma ba ita za ta fara cinye lissafin kanti ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon ɗan fili a jaridarku mai farin jini. Mu ƙaramin kamfani ne a nan Yamai, sana'armu rubuta manhajojin lissafi da kula da kwamfutocin kantuna, farmasi da makarantu masu zaman kansu. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne maganar da ke yawo a WhatsApp tun da kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025. Ana ta cewa duk kwamfutar da ke ɗauke da ita za ta mutu, sai an sayi sabuwa. Masu sayar da kwamfuta ba su ƙaryata ba, kuma ba mu ga laifinsu ba, kasuwa ce ta buɗe.

Kwamfutar ba za ta mutu ba. Za ta kunnu, ta buga faktir, wato takardar shaidar ciniki, ta yi lissafi kamar jiya. Abin da aka daina shi ne aiko da gyaran tsaro na wata-wata ga wanda bai shiga shirin tsawaita tsaro na Microsoft ba, wato duk ɓarakar da ɓarayin intanet suka gano daga baya, a buɗe za ta zauna. Office 2016 da Office 2019 ma a rana ɗaya aka sallame su, ko da yake ba a cika ambatarsu ba. Haɗarin na gaske ne, amma a hankali yake zuwa, kuma ya fi kama kwamfutar da ake buɗe imel da ita, ake shiga banki, ake saukar da duk abin da aka gani.

Kafin mutum ya kwance lalitarsa, ya fara dubawa ko tasa za ta karɓi Windows 11, domin ƙaurar kyauta ce ga mai lasisi na halal. Ana buƙatar RAM, wato ma'ajiyar aiki ta wucin gadi, giga 4, wurin ajiya giga 64, da wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0. A danna maɓallin Windows tare da R, a rubuta tpm.msc. In ta ce ba ta ga komai ba, kada a yanke ƙauna, sau da yawa a kashe yake cikin BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, inda kamfanin Intel ke kiransa PTT, kamfanin AMD kuma fTPM. Sai lambar kwakwalwar injin: i5-8500 ta shiga, i5-6500 da i5-7500 ba su shiga ba, domin lambar farko bayan i5 ita ce zubin, kuma daga zubi na 8 aka fara karɓa, a ɓangaren AMD kuma daga Ryzen 2000. Wannan lambar ce ya kamata mai sayen kwamfutar hannu a kasuwar Katako ko a wani wuri ya karanta da idonsa. Tambarin “Core i7” da ke manne a jiki ba ya gaya maka shekarar injin. Akwai dabarun tilasta Windows 11 a kan tsohuwar na'ura, kuma yara sun iya su, amma ba ma ba da shawararsu ga kwamfutar da ke riƙe da dukiyar mutane, don Microsoft bai ɗauki alkawarin ci gaba da aiko mata da gyara ba. Kwamfutar da ba ta cancanci Windows 11 ba, in manhajar kantin tana aiki ba tare da intanet ba, a zare mata waya, a hana sa mata kowane kile, wato ƙaramar ma'ajiyar USB, ta ci gaba da aikinta. Ta rubuce-rubuce da shiga intanet kawai kuwa, Linux Mint a madadin Windows da LibreOffice a madadin Office sun wadatar, kuma kyauta ne.

To, a nan muke so mu daɗe, Malam Edita. A ganinmu, cikin abubuwan da ke halaka lissafin ɗan kasuwa a ƙasar nan, tsufan Windows na can baya a layi. Wuta ce a gaba, zafi da ƙura na biye.

Kowa ya tuna watan Agusta 2023, lokacin da aka yanke layin wutar da ke zuwa daga Najeriya ta Birnin Kebbi, aka koma rabon wuta unguwa-unguwa har cikin 2024. Ko ba wannan, watannin Afrilu da Mayu sun saba zuwa da ɗauke-ɗaukensu. Ga abin da ke faruwa a cikin injin: sa'ad da mai kanti ya danna “ajiye”, manhajar tana rubutu a wurare da yawa, ta rage kaya a sito, ta ƙara kuɗi a akwati, ta sa bashi a sunan mai shi. In wuta ta tafi a tsakiyar wannan, wani ya rubutu, wani bai rubutu ba. Manyan rumbunan bayanai irin SQL Server ko MySQL suna da littafin da suke komawa su warware rabin aikin. Fayil ɗin Excel ko na Access da mutum uku ke buɗewa lokaci ɗaya ba shi da irin wannan gatan. Wani lokaci ya ƙi buɗewa, wannan ma da sauƙi, an san an yi asara. Mafi muni ya buɗe lafiya lau, sai bayan wata biyu a ga lissafin sito ya ƙi haɗuwa, a fara zargin yaron kanti da ba shi da laifi.

Maganin shi ne akwatin batirin nan da muke kira ondila, amma yawanci ba a fahimci aikinta ba. Ƙaramar mai lamba 650 VA, batiri ɗaya ne a cikinta, volt 12, amfiya 7. Kwamfutar tebur da allonta suna jan kamar wat 120, don haka minti goma zuwa sha biyar za ta ba ka tana sabuwa. Lokacin rufe aiki ne da kashe inji, ba na ci gaba da ciniki ba. Kuma batirin gubar nan an auna rayuwarsa ne a zafin digiri 25, duk ƙarin digiri goma na raba ta kusan biyu. A shagon kwano da ke haura digiri 40 da rana, batirin da takarda ta ce zai yi shekara huɗu, in ya yi ɗaya da rabi a gode wa Allah. Fitilar ondilar kuwa kore za ta ci gaba da nunawa har ranar da za ta ba ka kunya. Gwajin ba wuya: sau ɗaya a wata, a rufe manhajar lissafi, a zare ondilar daga bango kwamfuta na kunne, a duba agogo. In ba ta kai minti biyar ba, batiri za a canza, ba akwatin duka ba. Kada a haɗa mata firintar leza, don sandar da ke gasa tawada a kan takarda tana fizgar ɗaruruwan wat a tashi ɗaya. Mai ƙaramin gurup, wato injin ba da wuta, kuma ya lura, in ondila na ta ƙara tana komawa kan batiri alhali inji na aiki, wutar injin ce ba ta tsaya daidai kan 50 Hz ba, batiri na ƙarewa ba a sani ba. Shi ya sa ga ƙaramin kanti muka fi son kwamfutar cinya: wat 30 zuwa 60 take ci, batirinta a jikinta, kuma ƙaramin faifan sola ya ɗauke ta.

Ƙura ba ta buƙatar dogon bayani. Bayan hunturu, a buɗe akwatin kwamfutar a hure fanka, a ɗaga injin daga ƙasa, kada a lulluɓe shi da zane yana aiki. Akwai kuma ɗan batiri mai kamar kwabo a kan allon ciki, CR2032. In ya mutu, kwanan wata na komawa shekarun baya duk lokacin da aka kunna, faktir ya fita da ranar ƙarya, shafukan intanet su ƙi buɗewa. Wanda ke hulɗa da ma'aikatar haraji ya san abin da faktir mai kwanan wata na bogi ke jawowa.

Duk wannan rage haɗari ne. Disk zai mutu wata rana ko an yi masa gata, saboda haka tambayar ita ce ina kwafin yake. Da yawa za su nuna kile da ke maƙale a bayan kwamfutar tun bara. Wannan ba ajiya ba ce. Tsawar da ta ƙone injin za ta ƙone shi, ɓarawon da ya ɗauki injin da shi zai tafi, ƙwayar cutar da ke kulle fayiloli tana neman fansa, irin WannaCry ta 2017, duk abin da ke haɗe take bi. Ƙa'idar da masu sana'a suka yarda da ita, kwafi uku ne, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya a wajen ginin. Mutanen Yamai ba sa buƙatar a yi musu wa'azi a kan na ƙarshen: Babbar Kasuwa ta ƙone a 1982, Ƙaramar Kasuwa a 2012, ambaliyar 2020 da ta 2024 kuma ta shiga gidaje da shaguna.

A aikace ga yadda ake yi. Kowace yamma bayan an rufe ciniki, a fitar da kwafi ta hanyar da manhajar kanta ta tanada. Jawo fayil ɗin rumbun bayanai da hannu alhali manhajar na buɗe yakan ba da kwafi gurgu, wanda ba a gane gurguntarsa sai ranar buƙata. A sa kwanan wata cikin sunan fayil, kada na yau ya hau kan na jiya, domin in ɓarna ta shiga ranar Litinin aka gano ta Alhamis, na Lahadi ake nema. A riƙe na kwana bakwai, da na ƙarshen kowane wata har shekara. A sami disk na waje guda biyu, ɗaya na kanti, ɗaya na gida, a riƙa musanya su kowace Juma'a. Na uku a matse shi, a sa masa kalmar sirri, a tura intanet. Lissafin kanti ba hoto ba ne, ba shi da nauyi, giga 15 da Google ke bayarwa kyauta zai daɗe bai cika ba. Sai dai a kula, jakar da ke daidaita kanta da intanet ba ajiya ba ce ita kaɗai, abin da ka goge a nan ta goge a can.

Masu cewa a kwashe komai a mayar intanet a huta, musamman yanzu da Starlink, intanet na tauraron ɗan adam, ya shigo, muna tuna musu 14 ga Maris 2024, ranar da wayoyin ƙarƙashin teku huɗu suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama suka wuni cikin wahala. Ƙasar da ba ta da teku, ta hannun maƙwabta take sha. Manhajar kanti ta iya sayarwa ba intanet, ta aika in layi ya dawo.

Saura abu ɗaya, kuma ya shafe mu masu sana'ar. Kwafin da ba a taɓa mayarwa an gani ba, zato ne. Duk wata uku, mai kanti ya sa wanda ke kula masa da kwamfuta ya ɗauki kwafin jiya, ya ɗora a wata na'ura dabam, a gabansa, a buɗe a duba abu uku: cinikin jiya, bashin mutum ɗaya da aka sani, da adadin wani kaya a sito. Ya kuma karɓi kalmar sirrin rumbun bayanai da lambar lasisi a rubuce, ya sa a ambulan ya ajiye a gida, a kuma rubuta cikin yarjejeniya cewa za a iya fitar masa da bayanansa zuwa Excel duk ranar da ya nema. Wanda ya yi ta kwana-kwana a kan waɗannan, ko mu ne, a nemi wani tun injin na da rai.

Wassalam.

Ma'aikatan wani ƙaramin kamfanin manhajoji,
Yamai, Jamhuriyar Nijar