Amsa ga Yallaɓan da ya tambayi nawa aka biya ni

Ranka ya daɗe,

Na ji tambayar da ka jefo mini a rediyo ranar Asabar: wai nawa aka ba ni na soki kuɗin sake gina Arewa maso Gabas, kuma ko so nake 'yan gudun hijira su tsufa a tanti. Ta biyun ba ta kai a ɓata mata tawada ba. Ta farkon ce ta tsaya mini a wuya.

Ko sisi ba wanda ya ba ni. Shekara 19 ina riƙe da alli, har yau a keke nake zuwa makaranta. Ka tambaya daga Gangare zuwa Unguwar Rogo. Ni dai ban tambayi wanda ke biyan kuɗin otal ɗin da kuke taron bita a Abuja ba, tarbiyya ta hana.

Me na faɗa? A 2016 ƙididdigar gwamnati da Bankin Duniya ta nuna ɓarnar rikicin Boko Haram ta kai kusan dala biliyan 9, mafi yawanta a Borno. A 2017 aka sa hannu a dokar kafa Hukumar Raya Arewa maso Gabas. Cewa na yi a riƙa liƙa lissafin kowace kwangila a ƙofar bulama, mutanen Bama da Gwoza su ga nawa aka ce an kashe a ajin 'ya'yansu, su je su ƙwanƙwasa bangon. Wannan ne sukar?

Ka kawo shirin Marshall na sake gina Turai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kamar yadda kuka saba. Gaskiya ne, daga 1948 Amurka ta zuba wa Yammacin Turai kusan dala biliyan 13. Amma can gine-gine bam ya rusa, ya bar musu injiniyoyi da akantoci da kotuna masu bin sawun kuɗi. Me ya hana ka ambaci Afganistan, inda Amurkar ta narkar da fiye da dala biliyan 140 da sunan sake gini, sannan Kabul ta faɗi a Agustan 2021?

Kuma Yallaɓai, ɗan Jos ba a koya masa kango. Wata biyar bayan rikicin 7 ga Satumba 2001, babbar kasuwar Terminus ta ƙone, da shagon atamfar mahaifina a ciki. Wasu jami'ai suka zo da fom, suka karɓi hotonsa guda biyu, suka ce ya saurari kira. Da ya rasu, a ƙasan akwatinsa muka tarar da kwafin, a naɗe cikin leda. Kwamitin Niki Tobi kan rikicin Jos ya zauna, na Ajibola ya zauna, na Solomon Lar ma haka. Fiye da shekara 20 kangon yana kallonmu, 'yan kasuwa na baje kaya a bakin titi.

In ka shigo Jos ka neme ni, in kai ka ka gani. Kuɗin keken ni zan biya, daga albashina.

Naka,
Malamin makaranta, Jos