Zaɓen ranar Alhamis ba zai raba gardamar Brexit ba

Assalamu alaikum Malam Edita,

Da fatan kuna lafiya, ya aiki ya fama da jama'a. Ni mai sauraronku ne daga Birmingham, shekarata goma sha ɗaya a ƙasar nan, ina aiki a gidan kula da tsofaffi. Abinda yasa na rubuto shine tunda aka sa ranar babban zaɓen nan na Birtaniya na 12 ga Disamban 2019 wayata bata huta ba, 'yan uwa daga Katsina sai tambaya suke wai da gaske ne ranar za'a yanke ko Birtaniya zata fita daga Tarayyar Turai, wato Brexit, ko zata zauna. Yayana har cewa yayi ai Turawa sun iya abinsu, in magana ta gagari manya sai a mayar wa talakawa su yanke. Nace yaya ina ma haka abin yake. Wannan karo na uku kenan da ake mayar mana da maganar cikin shekara uku da rabi, kuma ni dai banga alamar ta mutu ba.

Bari in fara da tona wa kaina asiri. Ranar 23 ga Yunin 2016 da akayi ƙuri'ar raba gardama ni "a fita" na dangwala. Da yawa a gida basu san muna da ƙuri'a ba, amma doka ta bawa 'yan ƙasashe rainon Ingila da ke zaune a nan bisa ƙa'ida damar zaɓe, ɗan Najeriya da ɗan Ghana da ɗan Kamaru duk muna jefawa, har ɗalibi ma in yayi rajista. Abokinmu ɗan Maraɗi da muke sallar Juma'a tare shi bashi da ita saboda Nijar bata cikin ƙungiyar, kullum sai ya tsokane mu wai bayin sarauniya. To a lokacin ina fama da maganar kawo iyali, a 2012 aka sa doka, a wancan lokacin sai albashinka ya kai fam 18,600 a shekara kafin ka kawo matarka, aikin dare nake haɗawa da na rana don takardun albashina su cika, alhali ɗan Poland ko ɗan Romaniya jirgi kawai zai hau da matarsa da 'ya'yansa ba mai tambayarsa ko sisi. Sai masu yaƙin a fita suka zo suna cewa in an rufe ƙofar Turai za'a daidaita kowa, mu 'yan rainon Ingila za'a dube mu. Ga kuma jar motar nan tasu mai rubutun fam miliyan 350 duk sati da wai za'a juya wa asibitoci. Na ji, na yarda, na dangwala. Mutum miliyan 17.4 mukace a fita, miliyan 16.1 sukace a zauna, kashi 52 da kashi 48 kenan, Birmingham kanta da ƙyar masu fita suka rinjaya.

Washegari Firaminista David Cameron yace ya sauka, fam ya faɗi warwas daga kusan dala 1.50 zuwa wajen 1.33 a dare ɗaya. Mu masu aika kuɗi gida bamu ji zafin sosai ba a lokacin, don a satin ne babban bankin Najeriya ya saki naira itama ta rufta, sai ya zama kaman gurgu ne ya jingina da gurgu.

Abinda ba wanda ya faɗa mana, ko kuma aka faɗa bamu saurara ba, shine takardar ƙuri'ar tambaya ɗaya ce a kanta, a fita ko a zauna. Bata ce wace irin fita ba. A fita amma a cigaba da cin kasuwa ɗaya kaman Norway? A fita da yarjejeniyar ciniki kaɗai kaman Kanada? Ko a banko ƙofa a tafi ba sallama? Kowa da fitar da ke kansa ya dangwala. Kaman a tara gida ne ace wa ya yarda mu tashi daga unguwar nan, a ɗaga hannu a rinjaya, sai an ɗaure kaya a tarar wani Sabon Gari yake nufi wani ƙauye yake nufi.

Kuma an riga an gwada maganin da ake son bamu yanzu. Theresa May da ta gaji Cameron ta sha cewa ba zata kira zaɓe kafin wa'adi ba, sai gashi ranar 18 ga Afrilun 2017 ta fito ƙofar Downing Street tace za'ayi zaɓe 8 ga Yuni don ta samu ƙarfin zuwa Brussels, hedkwatar Tarayyar Turai. Jin ra'ayin jama'a na nuna ta bawa jam'iyyar adawa ta Leba tazarar kusan maki ashirin, kowa yace ai an gama. Ina tuna wata tsohuwa a Bristol da ɗan jarida ya tare ya gaya mata, ta ware ido tace wani kuma? Tsofaffin gidanmu sun kwana biyu suna kwaikwayonta. Ana shiga yaƙin neman zaɓe aka manta da Turai, magana ta koma kan wani tsari da ta kawo na biyan kuɗin kula da tsofaffi da kadarar gidajensu, wanda mu a wajen aikinmu shi kaɗai ake zance, iyalan tsofaffin in sun zo ziyara sai su tare mu a baranda suna tambaya kaman mu muka rubuta. Aka ƙirga, kujerunta suka sauko daga 330 zuwa 317, Jeremy Corbyn shugaban Leba ya tashi da 262, rinjaye kuma sai da 326. Garin neman gira ta rasa ido. Dole ta je ta roƙi kujeru goma na jam'iyyar DUP ta Ireland ta Arewa, aka yi musu alkawarin fam biliyan ɗaya.

Daga nan ne aka shiga uku. Yarjejeniyar da ta ƙulla da Turai sau uku majalisa na watsi da ita, na farko ranar 15 ga Janairun 2019 da tazarar ƙuri'a 230, ba'a taɓa yiwa gwamnati irin wannan kayen ba. Kuma ƙashin bayan rikicin iyakar Ireland ne, wanda nake ganin mutanenmu zasu fi kowa ganewa in an musu bayani da kyau. Tsibiri ɗaya ne, kudu ƙasa ce mai zaman kanta kuma tana cikin Tarayyar Turai, arewa ta Birtaniya ce. Iyakar ta kai kusan kilomita 500 da hanyoyi sama da 200, akwai mai kwana a wannan ɓangaren ya tashi aiki a wancan, madara ma a tatsa a arewa a sarrafa a kudu. An yi shekara talatin ana zubar da jini a wajen kafin sulhun 1998, ba mai son ganin shingen kwastam ya dawo. Duk wanda ke da dangi tsakanin Jibiya da Maraɗi ya ga abinda rufe iyakar da akayi a watan Agustan 2019 ya jawo, ba sai na ɓata baki ba. To su ba farashin shinkafa kaɗai suke tsoro ba, bindiga suke tsoro ta dawo.

May ta sauka da hawaye, Boris Johnson ya hau 24 ga Yuli. Ya rufe majalisa na sati biyar, kotun ƙoli da alƙalanta goma sha ɗaya baki ɗaya sukace haramun ne. Yace gara a tsinci gawarsa a rami da ya roƙi ƙarin lokaci bayan 31 ga Oktoba, majalisa tayi doka ta tilasta shi, ya aika wasiƙar ba sa hannu, aka ɗaga zuwa 31 ga Janairu, kuma yana nan da ransa. Sau uku yana neman a rusa majalisa bai samu kashi biyu cikin uku da dokar 2011 ta tanada ba, sai ya zagaya ya kawo wata 'yar doka mai buƙatar rinjaye kawai. Haka muka samu kanmu da zaɓe a tsakiyar hunturu, rabon da ayi zaɓe a Disamba tun 1923, ƙarfe huɗu na yamma duhu yayi.

Yanzu ga inda nake son ku taimaka ku fahimtar da masu sauraro. Ranar Alhamis ba wanda zai ga "a fita" ko "a zauna" a takardarsa. Sunan 'yan takarar mazaɓarka zaka gani, mazaɓu 650 ne, wanda yafi ƙuri'a ko da ɗaya ce shi ya ci, sauran ƙuri'un sun bi ruwa. Johnson yace a bashi rinjaye a gama da Brexit. Corbyn yace zai sake ciniki da Turai cikin wata uku ya kira sabuwar raba gardama cikin wata shida, shi kuma ba zai goyi bayan kowa ba, wanda wallahi har yau na kasa yiwa matata bayaninsa ba tare da tayi dariya ba. Jo Swinson ta Liberal Democrat tace in taci soke fitar zatayi gaba ɗaya. 'Yan SNP na Scotland, inda kashi 62 sukace a zauna, su hankalinsu na kan tasu fitar daga Birtaniyar kanta. Nigel Farage na jam'iyyar Brexit kuma ya janye 'yan takararsa daga mazaɓu 317 da Conservative, jam'iyyar Johnson, taci a 2017, ƙuri'ar masu son fita ta haɗu waje ɗaya, ta masu son zama ta rabu gida uku huɗu. Ta iya yiwuwa jam'iyyun da ke son a sake tambayar jama'a su fi yawan ƙuri'u in an haɗa, amma Johnson ya kwashe kujeru. Ranar Juma'a kowane ɓangare zai ce jama'a shi suka goya wa baya.

Kuma mutum ba da Brexit kaɗai yake shiga rumfa ba. Akwai wani dattijo ɗan Pakistan a masallacinmu, direban tasi, har gobe yana son a fita amma yace hannunsa ba zai iya dangwala wa mutumin da ya rubuta a jarida a 2018 cewa mata masu niƙabi sunyi kama da akwatin wasiƙa ba. Akwai maƙwabciyata Bayahudiya da ta tsani Brexit kaman me, tun tana budurwa Leba take zaɓa, bana tace bazata iya ba saboda zargin ƙin jinin Yahudawa da ya dabaibaye jam'iyyar. To ya za'a karanta ƙuri'ar waɗannan biyun? Wanda yafi bani tausayi ma abokiyar aikina ce 'yar Poland, ta riga ni zuwa ƙasar nan, nan ta haifi 'ya'yanta biyu, tana biyan haraji kaman kowa, amma bata da ƙuri'a a 2016 kuma bata da ita yanzu. Wani dare muna hutun ƙarfe uku na ganta tana ta kara fasfo a bayan waya wai manhajar neman izinin zama ta ƙi karantawa, hannunta har rawa yake. Ta ɗago tace kai me ka zaɓa a wancan lokacin? Na ce mata shayin ya huce bari in sake ɗorawa. Har yau bamu koma kan zancen ba.

Ita kuma wannan magana ta "a gama da shi" da ake ta maimaita mana a talabijin da Facebook kaman karatun allo, ko Johnson yaci an fita 31 ga Janairu takardar saki kawai aka bayar, rabon kaya na nan. Akwai zaman wucin gadi har ƙarshen 2020 da komai zai cigaba yadda yake, a cikin wata goma sha ɗayan nan ne wai za'a ƙulla yarjejeniyar ciniki da ƙasashe 27, a daidaita kamun kifi da motoci da magunguna da bankuna, alhali wadda Turai tayi da Kanada shekara bakwai ta ci. Mu a yankin nan ba labari bane, masana'antun motoci ne ke riƙe da gidaje da yawa, kayan gyara kullum suna ƙetare ruwa suna dawowa, ɗan jinkiri a tashar Dover ya isa ya tsayar da layin aiki.

Dan Allah ku riƙa tace abinda ke yawo a intanet kafin ku karanto mana shi a matsayin ra'ayin jama'a. Daren da Johnson da Corbyn sukayi muhawara, 19 ga Nuwamba, ofishin yaɗa labaran Conservative ya canza sunan shafinsa na Twitter ya koma kaman na masu binciken gaskiyar labari, yana yanke hukunci wai mutuminsu ne yaci. Kafin nan sun yanka bidiyon Keir Starmer na jam'iyyar Leba ya zama kaman an masa tambaya ya daskare, alhali ya amsa. Ɗaya ɓangaren ma ba waliyyai bane, nima an turo min takardun bogi masu kama da jaridar unguwa ta ƙofa. Da a gida akayi haka da tuni an ce ai dama siyasar Afirka kenan.

Ni dai ranar Alhamis ina tashi aikin dare ƙarfe bakwai, daidai lokacin da ake buɗe rumfa, a wata makarantar firamare ce bayan layinmu. Ba hutu ake bayarwa ba, ba soja ba ɗan sanda, a wannan zaɓen na 2019 ko katin shaida ba'a tambaya, sunanka da adireshinka kawai zaka faɗa a baka takarda da fensir. Mazaɓarmu ta Leba ce tun kafin in zo ƙasar, ko na dangwala ko ban dangwala ba sakamakon ɗaya ne, amma zanje. Matata da ta iso daga baya bayan na cika fam 18,600 ɗin nan da guminna, ba da taimakon Brexit ba, wannan ne zaɓenta na farko, tace tare zamu tafi kuma ba zata faɗa min wanda zata zaɓa ba.

A gaida ma'aikata baki ɗaya.

Naku,
mai sauraronku daga Birmingham