Zuwa ga ƙanena da fotal ɗinsa ya kwanta ranar rajista

Assalamu alaikum ƙanena. Ya gida, ya zafin Sakkwato, ya kuma haƙuri da wuta.

Tambayar da ka jefo min a gaban jama'a ranar Asabar wurin zaman da munka yi na masu harkar kwamfuta, ban ba ka amsar kirki ba, an kira Magariba kowa ya miƙe, kuma tsakani da Allah ba tambayar minti biyu ba ce. Saboda waɗanda ba su wurin bari in maimaita. Ka ce ka gina wa wata makaranta fotal, ɗalibai na rajistar kwas a ciki, lakcarori na ɗora maki, 'yan bosari na duba wanda ya biya, ka ɗauko JMeter, manhajar gwada nauyin da shafi zai iya ɗauka, ka tura masa mutum 5,000 na bogi ya ɗauka ko gezau, amma ranar da anka buɗe rajista da gaske mutane ko dubu ba su cika ba ya kwanta warwas. Sai ka ce min "Yaya mi na yi ba daidai ba, ko JMeter ɗin ne ke min ƙarya?"

JMeter bai yi maka ƙarya ba. Da ka buɗe min laftof ɗinka a tsaye bakin ƙofa na leƙa sikirif ɗin, wato umarnin gwajin da ka rubuta wa JMeter, abin da na gani shi ne duk mutum 5,000 ɗin nan da akawun ɗalibi guda sunka shiga, su buɗe shafin farko, su fita, su sake dawowa. Wato ka tara 'yan kabu-kabu dubu biyar ka sa su zagaya shataletale babu kowa kan hanya, ka ce titi ya yi kyau. Ranar aiki kuwa ga kabu-kabu, ga agwagwa da buje, sai tirelar siminti guda daga Kalambaina ta zo za ta yi kwana, ita kaɗai ta tsayar da kowa. A fotal ɗinka akwai irin wagga tirela, kuma ba ka sa ta cikin gwajin ba.

Ni ma na taɓa shan wanga dukan shi ya sa nake faɗa da ƙarfi. Wata makaranta da na yi wa aiki, ba zan kama suna ba, ranar da yara ke rububin rajista ashe ranar ce jami'in jarrabawa na wata tsangaya yake shirin zaman tantance sakamako, ya danna maɓallin fitar da babbar takardar sakamako ta duk ɗaliban sashe. Mutum ɗaya hwa. Maɓallin nan na bin ɗalibai ɗaya bayan ɗaya yana tambayar databes, wato rumbun bayanan fotal ɗin, makin kowane kwas, ga lissafin GPA, ga haɗa PDF, da ya ga shafin na juyawa sai ya sake dannawa, ya kuma dannawa, ya kira abokin aikinsa shi ma ya gwada a tasa kwamfutar. Hanyoyin da manhajar ke bi ta isa databes ƙidayayyu ne kamar guga a bakin rijiya, rahoto huɗu masu nauyi sunka riƙe guga sunka ƙi saki, yara sunka yi layi a baya har layin ya cinye saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da fotal ɗin. Na kwana biyu ina zargin ɗalibai da yawa, ashe mutum biyu ne a ofis mai fanka.

To abin da nake so ka fara yi, ka ajiye JMeter tukuna, ka ɗauki biro da takarda ka rubuta su waye ke shiga fotal ɗin. Ɗalibi sabo daban yake da tsohon ɗalibi, sabo na ƙirƙirar akawun yana ɗora fasfo da takardu, tsoho ya san hanya kai tsaye yake zuwa wurin kwas. Lakcara na ɗora fayil ɗin Excel mai layi ɗari uku a karo ɗaya, rubutu ne cikin databes ba karatu ba. Mai ba da shawara na aji yana amincewa da rajistar yara, shugaban sashe na sa hannu, bosari na neman rahoton kuɗi na wata guda. Waɗannan duk suna cikin teburin matsayi na manhajarka. Amma akwai waɗanda ba su cikin teburin kuma su ne ke kashe mutum.

Na farkonsu ɗan kafe. Kai ka san a garin nan yara da yawa ba da hannunsu suke rajista ba, kafe suke zuwa su miƙa lambar shiga da kalmar sirri, mai kafe ya buɗe shafi goma a burauza yana cika wa wanga yana firintin na wancan. A idon manhaja ɗalibi ne, amma halinsa ba na ɗalibi ba ne, ba ya tsayawa karanta komai, kuma duk daga adireshin intanet ɗaya yake fitowa, in ka sa dokar taƙaita buƙatu bisa adireshi to shi za ka fara toshewa. Haka ma masu waya, kamfanonin layi kan haɗa mutane da yawa bayan adireshi guda. Na biyu ba mutum ba ne ma, na'ura ce: saƙon tabbatar da biya da ke dawowa daga inda ake biyan kuɗi irin su Remita, da aikin tura imel da tes, da ajiyar kwafin databes da ka saita ya riƙa tashi da kansa ka manta ƙarfe nawa ka sa masa.

In ka gama jerawa sai maganar kashi nawa-nawa. Nan kada ka yi hasashe don Allah. Fotal ɗin ya riga ya faɗi sau ɗaya, ya bar maka gado mai tsada, wato log ɗin saba na wagga rana, inda take rubuta duk buƙatar da ta shigo mata da lokacinta. Ka buɗe log ɗin Nginx ko Apache, wato manhajar da ke karɓar buƙatu a sabarka, ka ware awa ɗaya kafin faɗuwar, ka ƙirga wane shafi anka fi kira, su wa sunka kira shi, ƙarfe nawa. Daga nan ne za ka ce misali cikin kowane mutum 100, 80 ɗalibai ne a waya, 12 'yan kafe, sauran ma'aikata. Misali na ba ka, naka lissafin log ne zai faɗa maka. Sai dai ka kula, manyan ofis ba a sa su da kashi. Jami'an jarrabawa ba sa ƙaruwa don ɗalibai sun ƙaru, in su shida ne su shida ne. A Locust, wani kayan gwaji irin JMeter wanda da Python ake rubuta shi, akwai weight don rabon kashi akwai kuma fixed_count don irin waɗannan ƙidayayyun. A k6, shi ma kayan gwaji ne, kowane rukuni ka yi masa nasa scenario. A JMeter ɗinka kowane rukuni nasa Thread Group, wato ayarin mutanen bogi. Duk wanda ka iya cikinsu ya isa, ban ga dalilin sauya kayan aiki ba.

Yanzu lambar nan taka ta 5,000, ina ka samo ta? Na san amsar, yawan ɗaliban makarantar ne. Ai ba duka suke ciki lokaci guda ba. Akwai wani lissafi mai sauƙi da ake kira dokar Little, John Little ya tabbatar da ita a 1961: yawan mutanen da ke ciki daidai yake da yawan masu shigowa a minti sau mintunan da kowa ke yi. A ce yara 3,000 za su zo cikin awa ɗaya, wato 50 a minti, kowa na yin minti 12, to mutum 600 ne a ciki. Amma dubi abin tsoron, in fotal ya fara nauyi kowa ya koma yin minti 30, masu shigowa ba su ragu ba, na ciki sun zama 1,500, su kuma su ƙara masa nauyi, haka abin ke cin kansa har ya mutu.

Wanga ne ma wurin da gwajinka ya fi yaudararka kuma ina so ka karanta shi sau biyu. Thread Group na gargajiya a JMeter, kowane mutumin bogi sai ya jira amsa ta dawo kafin ya tura buƙata ta gaba. Ma'ana in saba ta fara gajiya, gwajin da kansa yake rage gudu, yana tausaya mata. Ɗalibin da aka ce masa gobe ake rufe rajista kuma akwai tarar makara ba ya tausayin kowa, shafi na juyawa daƙiƙa biyar zai danna rifresh, ya buɗe a wata burauza, ya tura a gurup ɗin WhatsApp na ajinsu "fotal ya buɗe" wasu ɗari su afko. Don haka rukunin ɗalibai ka gwada su da tsarin da ake turo sabbin mutane kan ƙa'ida ko saba ta amsa ko ba ta amsa ba. Don wanga aiki k6 na da constant-arrival-rate da ramping-arrival-rate, JMeter ma tun fitowar 5.5 a 2022 ya zo da Open Model Thread Group. Ma'aikatan ofis kuwa tsarin jira ya dace da su, don da gaske jira suke. Sannan ka sa wa wani kaso na ɗaliban halin rashin haƙuri, in amsa ta wuce wasu daƙiƙu su sake turowa.

Kada ka ji kunya ma, manya sun faɗa ramin. Shafin inshorar lafiya na gwamnatin Amurka, HealthCare.gov, da anka buɗe shi ranar 1 ga Oktoba 2013, an tilasta wa kowa buɗe akawun kafin ya ga komai, ƙofar ta cushe, bayanan cikin gida da sunka fito daga baya sun nuna mutum 6 kacal sunka kammala rajista a ranar farko. Ƙofar shiga wuri ce mai tsada, in da bcrypt kake adana kalmar sirri, wato tsarin ɓadda kamarta kafin a ajiye, to da gangan aka yi shi ya ci ƙarfin na'ura don ɓarayi su sha wuya, mutum ɗari biyar su danna shiga cikin minti ɗaya ƙarfe takwas na safe za ka ji a jikinka.

Maganar akawun ɗaya da ka yi amfani da shi, illa biyu gare ta. Databes ta haddace bayanin yaron tun karo na farko, sauran 4,999 daga ƙwaƙwalwa ta amsa musu ba ta taɓa faifai ba. Kuma na tabbata databes ɗin gwajinka kusan wayam take, alhali ta gaske na ɗauke da sakamakon shekaru. Tambayar databes da ke gudu kan layi ɗari tana iya rarrafe kan layi miliyan in babu indes, wato jerin da ke nuna mata inda kowane bayani yake. Ka ƙirƙiri akawun dubbai a fayil ɗin CSV, kowane mutumin bogi da nasa, ka cika databes ta kai girman ta gaske, kuma ka cusa yara da yawa cikin kwas ɗaya kamar yadda ake yi a kwasa-kwasan GST, don a nan ne kowa ke son rubutu kan layi guda ana kulle wa juna. Amma kada ka kwashi sunaye da lambobin wayar 'ya'yan mutane ka zuba a laftof, akwai dokar kare bayanai ta 2023, ka sauya su da na ƙarya.

Wani abu da na hango a sikirif ɗinka, ba ka duba abin da ke cikin amsa. Saba na iya dawo da 200, lambar da ke nufin komai lafiya, alhali shafin cewa yake kalmar sirri ba daidai ba, ko tokin ɗin fom, wato shaidar tsaro mai wa'adi, ya ƙare ta mayar da kai ƙofa. Zai yiwu mutanenka 5,000 ko ciki ba su shiga ba, a zaure sunka yini. Kowane mataki ka sa shi ya nemi wata kalma da ke nuna an yi nasara, in an gama ka ƙirga a databes ka ga ko rajistar ta shiga da gaske.

Wurin karanta sakamako ka rabu da matsakaici. In ka haɗa shafin farko mai sauri da rahoton bosari mai nauyi ka raba, lambar da za ta fito ba ta kowa ba ce. Ka ware kowane rukuni, ka dubi lokacin da kashi 95 cikin 100 na buƙatunsa ba su wuce ba, ka yanke tun kafin gwaji nawa za ka iya jurewa. Jami'in jarrabawa zai iya jiran minti biyu yana shan shayi, ɗalibi ba zai jira daƙiƙa goma ba. Ni yadda nake yi, in fara sakin ɗalibai kaɗai har su daidaita, sannan a tsakiya in saki rahoto mai nauyi guda in zuba ido kan layin ɗalibai. In ya yi tsalle, na kama tirelar. Maganinta galibi ba ƙarin saba ba ne, a mayar da rahoton aikin bayan fage ya shiga layi, a kashe maɓallin bayan dannawar farko, ko a ba rahotanni kwafin databes nasu daban.

Sauran ƙanana. Kada ka yi gwajin daga laftof ɗinka kan MiFi cikin zafin Afrilu, laftof ɗin zai gaji kafin saba, su kansu masu JMeter sun ce kada a yi gwajin lodi da fuskarsa mai maɓallai sai ta layin umarni, ka yi hayar saba ta awa biyu. Kada ka harba lodi kan Remita ko mai tura tes na gaske, ka gina na bogi mai ɗan jinkiri a madadinsu. Kuma ka karɓi izinin makarantar a rubuce ka sanar da masu hostin, don abin da kake yi daga nesa ba shi da bambanci da hari, ga dokar laifukan intanet ta 2015 tana nan.

Ka ciro min log ɗin ranar, daga ƙarfe bakwai na safe zuwa lokacin da ya faɗi, ka tambayi ofishin jarrabawa da bosari a hankali mi sunka danna da safen, ba da faɗa ba don in sunka ji zargi ba za su faɗa maka ba. Ka zo da su Asabar bayan La'asar inda munka saba zama, ka taho da cajarka don soket ɗaya ne ke aiki.

Yayanka.