A koya wa 'yan firamare amfani da waya ta hanyar labarin zane

Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in ja hankalin hukumomin SUBEB, masu kula da ilimin firamare a jihohi, da hedimastoci kan darasin kwamfuta. Yana cikin manhaja, amma inda babu wuta babu na'ura, malami kan zana kwamfuta a allo yara su kwafa, shi ke nan. Alhali yaran nan su ake aika wurin mai POS da katin ATM, su ke karanta wa iyaye saƙon waya. Labarin zane zai koya musu abin da ake ɓoyewa da abin da ba a dannawa, ba tare da lantarki ba.

Takardar A4 biyu, a ninke tsakiya a ɗinke, an sami shafi takwas. Kowane shafi a raba shi gida huɗu na zane, maganar cikin gida kada ta wuce kalma goma. Darasi ɗaya tak: wani ya kira Inna ya ce daga banki yake, ta karanto masa lambar da aka turo yanzun nan. A zana fuskar wayar babba, saƙon ya fito ƙarara. A bar gidan ƙarshe fari, yara su zana abin da ya kamata Inna ta yi. Nan malami zai gane wanda ya fahimci cewa banki ba ya tambayar lambar sirri. Aji mai yara 90 kwafi 30 ya ishe shi, uku uku. Su karanta, su yi wasan kwaikwayonsa, sannan a tattauna.

Inda aikin ke lalacewa sananne ne. Launin toka yakan zama baƙi ƙirin a fotokwafi, don haka layi mai kauri kawai za a yi. Wasu salon rubutun kwamfuta ba su da ɓ, ɗ da ƙ, sai ka ga akwati a gurbin harafi. Yaron da ya fara da makarantar allo kuma yana iya farawa daga dama, labarin ya juye masa. A sa wa kowane gida lamba. Sannan a zana ƙaramar waya mai madannai, irin wadda ke gidajensu.

Kafin a buga da yawa, a ba yara biyar 'yan aji huɗu su karanta su kaɗai, su maimaita labarin da baki. Gidan da suka tsallake, a sake zana shi.

Naka,
Wani malamin firamare, Zariya